Ɗan Gudun Hijira a Tsohuwar Kwamfuta

Dab da magariba aka kawo wuta, Musaddiq ya kunna tsohuwar kwamfutar da ya ɗauko daga ɗakin ajiyar makarantarsu a Batsari. Malamin kwamfuta ne, kuma tun farkon damina yake fama da aikin da ba mai gode masa: gyara littafin bayanin da masu rubuta manhaja ke dubawa, inda aka nuna yadda wani tsohon tsarin kwamfuta ke mai da haruffa lambobi. Duniya ta bar tsarin, amma ƙananan asibitoci na nan da shi, bayanin kuwa cike da kuskure, har sunan majinyaci kan fito alamar tambaya zalla. Duk layin da ya gyara sai ya gwada shi a injin nan. Sashe ɗaya ya rage masa.

Fankar injin na fara juyawa, dutse ya faɗo kan kwano. Wani ya biyo. Gidan cike yake da dangin da suka gudo daga ƙauyen Yasore, amma babu yaro ko ɗaya a waje. Sai 'yarsa Naja'atu ta ajiye wanke-wanke, ta zo bakin ƙofa ta tsaya.

"Kashe shi," ta ce, da muryar tsoho.

Haka aka yi ta yi duk yammar da ya kunna. Yarinya ta daina cin abinci, ta rame. Mutanen gidan kuwa, wallahi ko ƙarfin ihu ba su da shi, gajiya ta riga tsoro shiga jikinsu. Inna, mahaifiyar Musaddiq, ta aika garin Safana aka ɗauko Malam Armaya'u a babur tun rana na sama, don ba mai bin hanyar in ta faɗi.

Malam ya daɗe yana karatu kafin bakin Naja'atu ya buɗe.

"Sassauta, Malam. Ni ma Musulmi ne."

"Me kake nema a jikin 'yar mutane?"

"Wurin kwana. Kukarmu na cikin daji. Masu bindiga suka yi sansani a gindinta, abin da muka gani mu ma ba mu iya zama ba. Na sami akwatin nan, duhu, shiru, kowa ya manta da shi. Sai wannan bawan Allah ya zo yana hura mini wuta a ɗaki."

Matan Yasore suka sunkuyar da kai. Ɗaya ta fara kuka a hankali.

"Ka ji tsoron Allah ka fita," in ji Malam.

"Zan fita. Amma ya bar mini akwatin a kashe. Na gaji da gudu."

"Malam, sashe ɗaya fa ya rage..." Musaddiq bai ƙarasa ba. Idonsa ya sauka kan hannun 'yarsa, ƙashi zalla, kunya ta rufe shi. Ya tashi ya zare wayar daga bango.

Naja'atu ta yi atishawa, ta sulale kan tabarma. Da ta farfaɗo, tuwo ta nema.

Musaddiq ya ɗauki wayarsa ta hannu, ya rubuta a ƙarƙashin sashen ƙarshe cewa bai gwada shi ba, wanda ya iya ya ƙarasa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Inna ta lulluɓe injin da tsohon zane.

"A kai shi ɗakin hatsi, dama ba komai a ciki," ta ce. "Gidan nan bai kori kowa ba tukuna."