Adakar Lalla Zuhur

Sufeto Mahjub yana tsoma burodi a man zaitun aka bugo masa waya cewa an tsinci gawar Ma'allam Allal kafinta a shagonsa na bakin rafi. Ya ajiye lomar bai kai baki ba. A garin Sefru babu wanda bai san Ma'allam Allal ba. In ba shi ya yi ƙofar gidanku ba, to shi ya yi gadon da aka haife ka a kai.

Kafin ya isa, Saja Buziyan ya riga ya gama nasa binciken. Buziyan mutum ne da in ya ga jini a rigar wani, to magana ta ƙare, sai a tafi shan shayi.

"Yallaɓai, na kama shi. Ƙaramin ɗansa ne, Hammu, wanda suke aiki tare. Na same shi rungume da gawar, jini har gwiwar hannu."

"Ɗa ya rungume ubansa, shi ne ka sa masa ankwa?"

"Ai akwai shaida. Mai gidan burodin nan na maƙwabta ya ji ihu da sassafe."

Aka kira mai burodin, gari fari fat a gemunsa.

"Me ka ji?"

"Muryar Ma'allam kawai, ranka ya daɗe. Yana cewa, 'Ɗan cikina? Ɗan da na haifa?'"

"Wa ka gani?"

"Ina bakin tanda. Wanda yake bakin tanda ba ya ganin komai sai wuta."

Tsohon yana kwance kusa da teburin aiki, ƙeyarsa ta bugi ƙarfen da ake matse katako da shi. Sufeto ya durƙusa ya laluba aljihu, babu komai. Sai ya sa hannu cikin hular jallabiyar da ke rataye a bayan wuya, inda tsofaffinmu suke ajiye komai, daga makulli har dafaffen ƙwai. Ya ciro ɗan faifan tagulla mai huda a tsakiya, irin wanda ake rufe bakin makullin akwati da shi. Ya jefa shi aljihunsa bai nuna wa kowa ba.

A bakin taga akwai faffaɗan katakon itacen ceri da aka daɗe da shanyawa, da tiren shayi a kansa. Ya ɗaga tiren. Katakon duk ya yi ja, amma inda tiren ya zauna yana nan da haskensa. Wannan ba sabon ilimi ba ne a garinmu: ceri da fari-fari yake fitowa daga zarto, rana da shekaru ne suke rina shi. Shi ya sa marigayin bai taɓa yarda a shigo masa da rini shago ba, yakan ce aikin marasa haƙuri ne.

Amma a bayan buhun dusar katako, Sufeto ya tarar da gwangwanin rini an sha rabinsa.

A gidan marigayin mata sun fara cika tsakar gida. Matarsa, Lalla Zuhur, ba ta tsaya karɓar gaisuwa ba, ta kama hannun rigar Sufeto.

"Ka sakar mini yarona. Hammu ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya kira maƙwabci. An ɗauke mini miji, kada a haɗa da ɗa."

"Allah ya ji ƙansa, Lalla. 'Ya'yanki nawa maza?"

"Biyu. Babban, Abdulhaƙ, yana Fas yana sayar da kayan da. An aika masa, yana hanya."

"Yaya maigidan ya tashi yau?"

"Lafiya lau. Tun da aka yi masa aikin ido ya zama kamar yaro, komai sai ya tsaya ya kalla. Shekara da shekaru yana ta laluben duniya da hannu."

"Yaushe aka yi aikin?"

"Watan jiya, a Fas. Abdulhaƙ ne ya matsa, shi ya ɗauki nauyin komai. Muka zauna can har idon ya warke."

"Ya kira wani kafin ya fita?"

Ta gyara lulluɓinta. "Bai kira kowa ba."

A ɗakinta akwai wata babbar adaka ta katakon ceri, ja wur, an sassaƙa mata ganyaye a murfi. A wurin makulli babu faifai, sai ƙananan hudoji huɗu.

"Ita ya yi mini ta aure," in ji ta. "Daga bishiyar gonar mahaifinsa. Yau bayan asuba ya buɗe taga, ya tsaya yana kallonta har shayinsa ya huce. Sai ya ɗauko abin kwance noti."

Sufeto ya kara idonsa. Wurin da faifan ya rufe tun kafin a haifi 'ya'yan nan ya kamata ya fi sauran jikin haske, tun da rana ba ta taɓa ganinsa ba. Amma launinsa ɗaya ne da ko'ina. An shafa jan ne da hannu, sannan aka ɗaura tagulla a kai. Zuciyarsa ta yi nauyi, don ya san matar nan ba ta san a cikin me take ajiye kayanta ba.

Ya koma ofis. Hammu yana zaune a ƙasan ɗakin da ake tsare mutane, jinin ya bushe a hannunsa, ya ƙi wankewa.

"Ina kake da asuba?"

"Na je gona duba itacen da muka sare."

"Wa ya gan ka?"

"Babu."

"Gwangwanin rinin da ke shago na wa ne?"

"Ban san da shi ba."

"Mahaifinka ne ya saya? Mutumin da yake korar mai saye in ya ce a rina masa ceri?"

Hammu ya sunkuyar da kai.

"Adakar mahaifiyarka fa? An ce shekarunta sun fi naka, amma ban jin ta ga damina biyu."

Sai ga hawaye. Ƙaton mutum, mai tafin hannu kamar faranti, yana kuka yana rufe baki kada a ji.

"Ni na yi ta."

"Don me?"

"Yaya ne ya ce wani mai gidan baƙi a Fas ya ga hoton ta Umma, yana son irinta sak, kuma ta yi kama da tsohuwa. Na riƙa yi a ɓoye in Baba ya tafi masallaci. Ko da ya shigo ma ba gani yake ba."

"Yaushe ka gane ba Fas za ta ba?"

"Ranar da suka dawo daga asibiti. Na shiga gaishe su, na ga aikina a ɗakin Umma."

"Amma ba ka gaya wa kowa ba."

"Yallaɓai, in ce me? In ce wa Umma ɗanta ya kai su asibiti ne don gida ya zama ba kowa?"

"To yau da safe wa ubanka yake yi wa ihu?"

"Ban sani ba. Na zo na same shi a ƙasa."

"Ka sani, ba ka gani ba ne kawai. Kana so ka tsufa a gidan yari a madadin wani?"

Hammu ya dubi bango. "Yayana ne."

Sufeto ya tura Buziyan Fas, ya ce ya bi gidajen baƙi na tsohon gari ɗaya bayan ɗaya. Buziyan ya tafi yana gunaguni cewa mai laifi yana hannu ana aiken mutum neman akwati. Bayan la'asar ya bugo.

"Yallaɓai, ga ta a gabana. A tsakar wani gidan baƙi, sun cika ta da tawul na Turawa, har da tukunyar fulawa a kai."

"Kwance faifan makullin."

Aka ji ƙarar ƙarfe, da muryar wani yana cewa a yi a hankali.

"Ikon Allah. Ƙarƙashin fari ne, Yallaɓai."

"Wa ya sayar musu?"

"Wani Si Abdulhaƙ. Sun ce ya ce gadon kakarsa ce da ta rasu."

Sufeto bai bari Abdulhaƙ ya shiga gida ba. A bakin lungu ya tare shi, ya roƙe shi su tsaya a zauren da ba kowa. Mutum ne mai tsabta, farar jallabiya, idanu jajur, yana ƙamshin turare. Lalla Zuhur ta ji muryarsa ta fito ta tsaya a bakin ƙofar ciki.

"Allah ya ba da haƙuri, Si Abdulhaƙ. Yaushe rabonka da mahaifinka?"

"Tun Juma'a. Muka ci kuskus tare, na koma Fas."

"Yau da safe kana ina?"

"A shagona. Ku tambayi kowa."

"Wa ya buɗe shagon?"

"Ni... wani lokaci maƙwabcina yakan buɗe mini."

"Ƙanenka ya ce kai ka sa shi ya ƙera adaka irin ta mahaifiyarku."

"Hammu? Allah sarki. Wanda yake cikin ankwa ai kowane suna zai kira. Ni fa na kai Baba aka buɗe masa ido. Wane ɗa ne zai yi haka sannan ya cuce shi?"

"Mahaifinka ya gano adakar da ke ɗakin nan ba ta asali ba ce."

"Yallaɓai, tsufa ne. Tun da aka yi aikin nan yake ganin abin da babu. Don mutum ya kwance ɗan tagulla ya jefa a hula yana yawo da shi, shi ne ya zama hujja?"

Sufeto ya dube shi. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da faifan.

"Wa ya ce maka a hula yake?"

"Ai... an faɗa."

"Wa? Ni na ciro shi. Saja bai gani ba, ƙanenka bai gani ba, mahaifiyarka ba ta je shagon ba. Mutum ɗaya ne ya ga lokacin da aka jefa shi ciki."

Abdulhaƙ ya juya wajen uwarsa. "Umma, ki gaya masa. Tun Juma'a..."

Lalla Zuhur ta dafa bango. Ta daɗe tana kallon ɗanta na fari, kuma wallahi ba na fatan ko maƙiyina ya ga irin kallon nan.

"Ni na danna masa lambarka," ta ce a hankali. "Ka san bai iya waya ba. Ya ce ka zo yanzu-yanzu, ka same shi a shago. Da aka tambaye ni na ce bai kira kowa ba. Na yi ƙarya saboda kai, ƙanenka yana kwance a ƙasan siminti."

Abdulhaƙ ya zauna a dakalin zauren.

"Ban yi niyya ba, Umma. Na ce masa zan dawo da ita, ya ba ni lokaci. Ya ce shi bai damu da katako ba. Ya ce, 'Ka buɗe mini ido don ka rufe na uwarka?' Ya jefa abin a hula, ya ce gida zai zo ya gaya miki a gabana. Na riƙo rigarsa ne kawai. Na ja, ya zame."

"Da ya faɗi yana numfashi?" in ji Sufeto.

Abdulhaƙ ya kau da kai.

"Yana numfashi?"

"Yana kallona."

"Ka kira likita?"

"Na ja ƙofa na tafi."

Ya rufe fuska da hannu biyu. "Na ɗauka ba zai taɓa ganewa ba. Likita ya ce ko an yi aikin, launi ba zai dawo masa sosai ba. Da na san zai gani haka..."

Bai ƙarasa ba, kuma gara da bai ƙarasa ba.

Sufeto bai sa masa ankwa a gaban uwarsa ba. Ya kama shi a damtse, suka bi lungun zuwa mota, 'yan gaisuwa suna matsawa jikin bango suna ba su hanya. Lalla Zuhur ba ta bi su ba, ba ta kuma kira sunansa ba.

Washegari aka ba da gawa, aka kai Ma'allam Allal makwancinsa. Hammu, da aka riga aka sako, shi ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Bayan an dawo, Sufeto ya biya ya yi ta'aziyya irin ta mutane, ba ta aiki ba. Aka shigar da shi har ƙofar ɗakin Lalla Zuhur. Adakar aurenta tana ɗakin ajiyar shaida a ofis, sai an gama shari'a. Wadda ke ɗakin tana nan inda take, don ba wanda ya sami ƙarfin halin taɓa ta. Hammu yana durƙushe a gefe yana zuba wa mata shayi, tun da ya dawo uwar ba ta ce masa komai ba bayan sannu.

Wata tsohuwa da ta zo daga ƙauye, ba ta ji komai ba sai rasuwar, ta miƙa hannu ta shafa murfin adakar.

"Dubi aiki, Zuhur. Yanzu ina ake samun irin wannan? Allah ya yi wa hannun da ya yi ta rahama."

Butar shayin ta tsaya a hannun Hammu. Lalla Zuhur ta ɗago ta dubi ɗan da ya rage mata, ta dubi hannuwansa.

"Amin," ta ce.