Wadda Ta Mayar da Mabuɗi

Ana gab da faɗuwar rana Oriane Duchosal ta sauka zauren gwaji don ta gyara faranti ɗaya da ya karkace. Aiki ne na ɗan lokaci. Ko gahawarta ba ta shanye ba, ta bar kofin a kan teburin abokin aikinta, Bastien, a ɗakin sa ido.

"Kada ki daɗe, Madam Injiniya," in ji Bastien, bakinsa cike da burodi da cuku. "In lokacinmu ya wuce, sai baɗi. Ni kuwa ba zan sake shekara ina kallon fuskarki a banza ba."

"Ci burodinka, acici. Kafin ka haɗiye na dawo."

Oriane ce ta tsara gwajin tun daga zane. Ta jera farantai masu ido a kan dogon teburin ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, kamar ƙofofi a layi. Idan babbar na'urar da ke ƙarƙashin ƙasa ta harbo ƙwayoyin zarra, za su ratsa farantan, kowane faranti ya shaida wa kwamfuta inda suka bi. Ta sha rashin barci a kan wannan jeri, kuma yau ne aka ba su damar harbin farko. Amma harbin nan ba ya haɗa ɗaki da mai rai. Shi ya sa duk mai shiga zauren sai ya zare mabuɗi daga akwatin da ke bakin ƙofa, ya riƙe a jikinsa. Muddin mabuɗin bai koma ba, na'ura ba za ta yi harbi ba.

Ta zare mabuɗin, ta sa a aljihun rigarta ta ruwa, ta ɗaura hular kwano, ta shiga.

A waje yayyafin ƙarshen kaka yake ta zuba a kan rufin kwano. Ɗan hasken da ya rage yana shigowa ta tagogin sama, ja-ja, yana mutuwa a hankali a bayan duwatsun Jura. Ta bi ta siririyar hanyar da ke tsakanin tubalan kankare masu tsayin gida. Iskar wurin kamar kullum, warin roba da ƙarfe da man inji. Fanfunan sanyaya na'urori suna ta gurnaninsu.

Ta durƙusa a gaban farantin farko, ta ajiye oba-obarta, 'yar rediyon da suke magana da Bastien, a kan tebur, ta ɗauki sifana.

Tana cikin ɗaure noti sai fanfunan suka yi shiru.

Ba kashe su aka yi ba, don ga fitilunsu kore shar. Ƙarar ce kawai ta ɗauke, kamar an toshe mata kunne da auduga. Sai wani wari ya biyo baya, warin jiƙaƙƙiyar ciyawa da turken shanu da aka daɗe ba a share ba. Ta ɗaga kai tana shinshina. Dattawan ƙauyen da ke kusa sukan ce wurin nan makiyaya ce kafin a zuba kankare, har da wani tsohon ramin ruwa da makiyaya ba sa yarda dabba ta kusanta. Amma wannan tun kafin a haife ta.

Oba-oba ta yi ƙara.

"Oriane." Muryar Bastien ta yi ƙasa, babu wasa a cikinta. "Ke da wa kuka shiga?"

"Ni kaɗai. Me ya faru?"

"Farantin ƙarshe yana ganin abu."

"Ba a yi harbi ba, mutumina. Ƙila waya ce ta saki."

"Ya bar na ƙarshe. Yanzu yana kan na kusa da shi. Ba gudun ƙwayar zarra yake yi ba. Tafiya yake yi. Kamar mutum."

Ta juya ta dubi ƙarshen teburin, can wajen katangar ƙarfe inda harbi yake mutuwa. Babu kowa. Duhu ne kawai ya taru a lungun.

Kowane faranti yana da 'yar fitila a samansa, mai ƙiftawa idan wani abu ya ratsa shi. Tana kallo, fitilar wani faranti ta kama. Ba ta ƙifta ba. Ta tsaya ja, ta daɗe, sannan ta mutu. Ta gabanta ta kama.

Daga wani wuri ƙararrawa ta kaɗa, irin wadda ake rataya wa saniya a wuya. Sau ɗaya, a hankali.

"Fito," Bastien ya raɗa. "Oriane, bar sifanar ki fito."

Ta so ta miƙe. Ta kasa.

Fitila ta gaba ta kama. Warin ya ƙara kauri har tana jin ɗanɗanonsa a harshe. Numfashinta ya fara fita kamar hayaƙi. Wayoyin da ke rataye a gefen tebur suka motsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar wani ya goge su da kafaɗa.

Saura faranti ɗaya tsakaninta da abin.

Fitilar da ke saman kanta ta kama.

Wani sanyi ya shiga ta ƙirjinta ya fita ta bayanta. Ba zafi, sai nauyi, kamar an zuba mata ruwan rijiya a cikin ƙashi. Ta faɗi a kan kankare, kumatunta a ƙasa. Ta buɗe baki za ta yi ihu, iska kawai ta fito.

Sai ta ji taku a bayanta.

Da ƙyar ta juya ido. Wata mace ce take tafiya zuwa ƙofa, ta ba ta baya. Rigar ruwa irin tata. Hular kwano irin tata, har da tabon da ke gefe. Gashin a ɗaure yadda ta ɗaure nata da safe. Matar tana ɗan jan ƙafar hagu, yadda Oriane take yi tun da ta karye a kan ƙanƙara.

A hannunta akwai oba-oba.

Oriane ta lalubi aljihunta. Babu mabuɗi.

Matar ta sha kwana tsakanin tubalan. Daga lasifikar zauren muryar Oriane ta fito, tas, har da 'yar dariyarta.

"Waya ce ta saki, matsoraci. Na gyara. Ba kowa a ciki, sai ka nemi harbi."

Ta ji Bastien ya sauke ajiyar zuciya. "Kai, kin kusa kashe ni. Ga ki nan a kyamara. Mayar da mabuɗin ki hau."

Ƙofar ƙarfe ta rufe. Sakata ta faɗa.

Fitilun zauren suka rage haske. Jiniya ta fara kuka, wannan kukan da ake yi don duk wanda ya saura a ciki ya san abin da ke tafe. Oriane tana kwance daidai bakin bututun da harbi yake fitowa. Tana ganin raminsa, baƙi ƙirin, a saitin fuskarta.

Akwai jan maɓalli a jikin bango, na tsayar da komai. Ba nisa. Ita da kanta ta ce a kafa shi a nan.

Ta ja jiki da gwiwar hannu. Ƙafafunta kamar na wani. Fatar hannunta ta saɓule a kan kankare, ba ta ji ba.

Jiniya ta ƙara sauri.

Manyan maganaɗisu suka fara gurnani. Sifanar da ta yar ta motsa da kanta a ƙasa.

Ta kama waya, ta ɗaga kanta. Wayar ta tsinke. Ta kama ƙafar tebur.

Yatsunta suka taɓa bango. Suka zame.

Ta tattara abin da ya rage mata, ta faɗa wa maɓallin da goshi.

Komai ya tsaya.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a nan ba. Ta dai ji an buɗe ƙofa, ta ji gudu, ta ga fitilun hannu. Masu kula da tsaron zauren ne suka fara isowa, Bastien a bayansu. Da ya gan ta jingine da bango, jini yana bin hancinta, sai ya ja da baya har ya buge da tubali.

"Yanzu kika wuce ta gabana," ya ce. "Kin ɗauki jakarki. Kin ce mini sai da safe."

Muryarta ba ta dawo ba sai da ta kwana biyu a asibiti. Aka yi bincike, aka tara manya. Hoton kyamara ya nuna ta fito ta mayar da mabuɗi, mai gadin babbar ƙofa kuma ya rantse ta ɗaga masa hannu ta fita a ƙafa cikin ruwa. Aka rasa abin rubutawa, aka ce matsalar na'ura ce. Amma tun daga ranar ba a sake barin mutum ɗaya ya shiga zauren ba, kuma sai an zagaya da fitila an kira suna kafin a rufe. Oriane ta sake tsara teburinta yadda za a riƙa juya farantan daga ɗakin sa ido. Ba ta sake taka ƙasan ba. Bastien ya daina tsokanarta. Wani lokaci takan kama shi yana kallonta ta gefen ido, kamar yana son ya tabbatar ita ce.

Ranar da aka sallame ta daga asibiti, tana shiga gida wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce daga ƙauyensu a kan dutse. Oriane ta ɓoye mata labarin don kada hankalinta ya tashi.

"'Yata, lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau, Mama. Me kika gani?"

"Ni dai ban gane miki ba. Kwana biyu kina gidan nan, ko loma ba ki kai baki ba, sai zama a lungu kina kallona. Yanzu na duba lungun ban gan ki ba, shi ne na kira."  Sai muryar tsohuwar ta koma raɗa. "Tsaya. In ke ce a waya, wace ce wannan da ke saukowa daga bene?"