Shebur a Kan Jinga

Renske tana juya miyar wake a kan murhu sai ga Gwaggo Hilke ta banko ƙofa, ko takalmin katakonta ba ta cire ba.

"Douwe! Kana nan kwance kamar buhun dankali, 'yarka tana yawo a bakin teku da mai Faransanci?"

Douwe ya yunƙura zai tashi, ciwon baya ya mayar da shi. Tun da ya faɗo daga keken doki bai ƙara ɗaga ko bokiti ba.

"Gaskiya ne, Renske?"

"Baba, sunansa Gaspard. Mutumin Liège ne, aikin yashe mashigar jirage ya kawo shi. So yake ya zo ya gaishe ka."

"Ya gaishe ni da wane bakin? Da bakin da aka ba da umarnin harbe yayana?"

"Haba Baba! Ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin yaƙin. Yanzu ai ƙasa ɗaya muke."

Gwaggo ta taɓe baki. "Ƙasa ɗaya a jikin tuta dai. Su can a majalisar Aachen su dama Holanci da Jamusanci da Faransanci su sha. Mu nan ba a dama mana jini!"

Tarayyar Harsuna Uku, ƙasar da aka haɗa bayan yaƙin, ta girmi Renske, amma mutanen garinsu Eskum sun fi giwa riƙo. Renske ta zuba wa ubanta miya, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Ta san ba za ta iya aure ba da albarkarsa ba, ta kuma san ba za ta iya cire Gaspard daga ranta ba.

Ana cikin wannan sai wata ta taso. A Eskum kowane gida yana da yankinsa na jingar da ke tare teku, shi zai ciko shi, shi zai toshe ɓarakarsa. Wanda ya gaza sai ya kafa sheburinsa a kan jinga. Duk wanda ya zare shi, ya ɗauki aikin, ya ɗauki gonar da gidan gaba ɗaya. Yankin Douwe ya tsage, damina mai sanyi tana tafe, ba shi da ɗa namiji. Ya sa aka kai shi ya kafa sheburin, hankalinsa kwance, don Wiebe ɗan Gwaggo Hilke zai zare, gida ya zauna a dangi.

Wiebe ya zo, ya leƙa tsagar, ya sosa ƙeya. Kafin mako ya zagayo an ji shi a Hamburg yana neman aikin jirgi. Eckhart sarkin jinga, wani Bajamushe da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, ya ce idan ba wanda ya zare, hukuma za ta karɓe.

Gaspard ya iske Renske tana kuka a bayan coci.

"Me aka yi maki?"

"Sheburin Baba yana can tsaye. Ba wanda ya zare, Gaspard, ko mutum ɗaya!"

Kuka ya hana ta ƙarasawa, shi kuma bai tambaya ba. A ramukan haƙar gawayi na garin su Gaspard, idan mutum ya ji ciwo, abokinsa ne ke ɗaukar digarsa ya yi masa aikin, iyalinsa su ci abinci. Abin da ya ɗauka ake nufi da sheburin ke nan. Ranar Lahadi, ana fitowa daga coci, ya hau jinga gaban kowa ya fizge sheburin, yana ta murmushi kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Eckhart ya cire hula ya ce, "Jama'a ku shaida. Daga yau gidan Douwe da gonarsa na wannan bawan Allah ne."

"Gida? Wane gida?" Gaspard ya dubi Renske. "Ni aikin zan yi masa!"

"Wayyo Allah, Gaspard, ka kashe mu!"

"To a mayar! Ga shi, na mayar!"

"Shebur ba ya komawa hannun da ya kafa shi," in ji Eckhart. "Dokar ta girmi Tarayya."

Garin neman gira an rasa ido. Gaspard ya durƙusa a taɓo gaban Douwe yana haɗa Holancinsa mai ƙarairayewa. "Baba, ku zauna a gidanku, don Allah. Ban sani ba."

"Kada ka ƙara ce mini Baba. Abin da bindigoginku suka kasa, ka zo ka yi da shebur." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma zaɓi. Ko ki bi ni, ko ki zauna da ɓarawon gidan uwarki, ki manta kina da uba."

Renske ta bi ubanta. Suka tare a ɗakin bayan Gwaggo Hilke, wadda ba ta taɓa ambatar gudun ɗanta ba, amma kullum sai ta yi wa Renske gori da cokali a hannu.

"Ci, amaryar Faransa. Soyayya ce ta mayar da ke cin arziki!"

Lokacin sanyin nan Renske ta rame har wuyanta ya fito. Ta daina addu'ar a ba ta Gaspard, ta koma roƙon Allah Ya cire mata shi daga rai, abin ya ƙi. Sau ɗaya ta tare shi a hanya, ta ga hannuwansa duk sun farfashe.

"Ka koma garinku. Ba za a taɓa ba ka ni ba."

"In na tafi hukuma ta karɓe, ku rasa har abada."

"Ai mun riga mun rasa!"

"Ni ban shiga gidan ba, Renske. Ko ƙofar ban taɓa ba."

Gaskiya ya faɗa. A garken shanu yake kwana. Ba mai amsa gaisuwarsa, mai burodi ma sai ya juya masa baya, amma gari na wayewa yana kan jinga yana turo yumɓu. Da teku ta yi haukanta na ƙarshen sanyi, yankuna biyu na 'yan gari suka zube. Nasa ko gezau.

Douwe kuwa jiki ya ƙi. Wata safiya ya ce a ɗora shi a keken doki a kai shi jinga. Renske ta riƙe shi ya sauka, ya daki yumɓun da dugadugansa, ya sake duka. Gaspard yana tsaye gefe da hula a hannu.

"Ciyawar da ka shimfiɗa ta karkace," in ji tsohon.

"Zan gyara."

"An ce ba ka kwana a gidan."

"Ba nawa ba ne."

Douwe ya dubi ruwa. "Jinina ya gudu, baƙo ya tsaya. Na tsufa ban san wannan ba." Ya miƙa wa 'yarsa hannu. "Renske, zo. Gaspard, ga ta nan, na ba ka. Ka buɗe gidan, kada sanyi ya kashe mini 'ya a ɗakin Hilke."

Renske ta faɗa jikinsa tana kuka. "Tare za mu koma, Baba!"

"In na ji sauƙi."

Bai ji ba. An binne shi kafin ranar ɗaurin aure, Renske ta shiga coci da baƙar rigar makoki, Gwaggo Hilke ta ƙi zuwa. Mai haƙuri ya dafa dutse, gaskiya ne, sun kuma sha romon, sai dai da hawaye a ciki. Iyaye, ku auna mutum da aikinsa tun kuna da sauran kwana, kada ku auna shi da harshen kakansa. Albarkar da Douwe ya riƙe tsawon sanyi guda ta isa hannun 'yarsa, amma shi bai ƙara taka ƙofar gidansa ba.