Jujin Bayan Layin Dogo

Lawal mai gyaran rediyo a Kafanchan ba ya zubar da ko guntun waya. Da magariba yake ƙona matattun talabijin a jujin bayan layin dogo ya zare jar waya, ko bisimilla ba ya yi.

Ran nan wata tsohuwa ta fito daga hayaƙin da goyo, muryarta na shuu kamar rediyon da ya rasa tasha.

"Malam, nan ne ɗakinmu. Hayaƙinka ya kashe mini jika."

"Haba Iya, ga shi a bayanki yana tari."

"Wannan musanya na yi."

Ta juya. Ƙafar da ke lilo na sanye da takalmin autarsa Zamzam, wanda ya ɗinke da jar waya da safe.