Ƙofar Sarki da Ƙararrawar Jakuna

A shekara ta bakwai ta sarautar Sarki Mai Doguwar Ganuwa, ana tsakiyar damina, Waziri ya tako da ƙafarsa har maƙerar wani mai zubin tagulla da ake kira Bahago. Bahago ba baran kowa ba ne. Da kakin zuma yake siffanta abu, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya narka tagulla ya zuba. Amma ko cinikin allura bai iya ba, yayarsa ce ke kai kayansa zango ta yi ciniki da fatake.

"Sarki na son ƙofar tagulla," in ji Waziri. "Amma daga yau hannunka na fada ne kaɗai."

Nan take kan Bahago ya kumbura. Waziri na fita, yayarsa ta tare shi a bakin wuta, ranta a ɓace.

"Ka ce masa kwana huɗu fada, kwana uku kasuwa. Kuma a yanka ladanka gaban shaidu."

"Yaya, da Sarki ake ciniki?"

"To da wa za a yi, da takalminsa? Mutum goma sha biyu ke sayen kayanka, za ka watsar da su don mutum ɗaya mai rai ɗaya!"

Ya yi kunnen uwar shegu da ita. Da madugun fatake ya zo neman ƙararrawar jakuna kamar yadda ya saba, Bahago ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Hannun da ke zuba ƙofar Sarki ba ya yi wa jaki ado." Madugu ya shafa gemu, ya sa takalmansa ya tafi.

Shekara uku ya yi yana zubin ƙofar, da siffofin yaƙe-yaƙen Sarki a kanta, abin da ya samu kuwa riguna biyu ne da kirari. Yayarsa ta sayar da awarwaronta suka ci. Duk da haka ayari bai taɓa sauka ba ta kasa zuwa gaishe da madugu, ko da hannu rabbana.

Sai Galadima, ƙanin Sarki, ya tayar da ƙayar baya, ya yi wa birni ƙawanya wata huɗu. Wanda ya buɗe masa ƙofar gari kuwa ba kowa ba ne illa Waziri. Galadima ya hau gadon sarauta. Sabon Sarki ya dubi ƙofar tagulla, ya ga siffar wansa a tsaye, shi kuma a durƙushe gabansa. Ya ce a narkar, kuma wanda ya zuba shi zai narkar.

Wazirin nan dai shi ya kawo saƙon. Bahago ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ba kai ka ce in yi ba?"

"Wancan Sarki ne ya ce. Wannan bai san ka ba."

Kwana tara yana jefa aikinsa a wuta, yana tsine wa wautarsa. Dogarai suka kwashe tagullar, suka bar masa toka.

Rannan yayarsa ta ce, "Tashi, madugu ya sauka." Madugu ya bar shi tsaye cikin rana har inuwa ta juya, sannan ya ce, "Ashe hannun ya tuna da jakuna? Ka yi min ƙararrawa ashirin, ni zan ba da tagulla. Ba don kai ba, don wannan da ba ta taɓa fasa gaishe ni ba."

Bahago ya buɗe baki zai yi godiya, yayarsa ta take masa ƙafa. "Tsaya tukuna. A kira shaidu."

Masu tarihi sun ce bai sake taka fada ba har ya mutu. Ni abin da ke ƙona min rai shi ne, gwaninta irin tasa ta tafi a wuta don mulki ya sauya hannu, Waziri kuwa ya mutu a kan shimfiɗarsa. Ƙofar nan babu mai iya faɗin kamanninta a yau. Ƙararrawar da ya raina kuwa ita ta ciyar da jikokinsa.