Makarantar Bakin Kurmi

"Cubaka! Sauko ka kalli tsabar idona!"

Magina suka dakata da kwaɓa siminti. Ya sauko daga kan tsani a hankali, koriyar rigarsa ta masu gadin gandun daji duk ta yi fari da ƙura.

"Nsimire, lafiya? Me ya same ki, hasken idona?"

"Kar ka sake kirana da wannan sunan! An kama Yaya Bashige a wurin ƙona gawayi a cikin gandu. Kai kaɗai na faɗa wa inda yake... kai kaɗai!"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni na jagoranci kamen," in ji shi. "Amma ba da maganarki na yi amfani ba. Wani ne ya zo ya same ni."

"Wa?"

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

Dariya na yi, hawaye na zuba.

"Ashe gaskiyar mutanen gari ne. Ka je ka auri goggon birinka, tunda shi ya fi mu daraja!"

Tun ranar da aka aza harsashin makarantar nan ake zarginta. Hukumar gandun ce ke ginawa, wai yaranmu su yi karatu su samu abin yi, a bar wa goggon biri kurminsa. Tun da 'yan bindiga suka ƙona tsohuwar makarantarmu ba mu da wata. Amma wa zai yarda da mutanen da suka raba Babana da gonarsa ta ayaba lokacin da aka faɗaɗa gandun? Wasu suka ce barikin masu gadi ne aka sa masa tagogi. Wasu suka ce za a koya wa yara tona asirin iyayensu masu ɗana tarko.

Ni kaɗai na yarda zan koyar a cikinta. Saboda Cubaka.

Yanzu kuwa kowace kalma mai daɗi da ya taɓa faɗa mini sai na juya ta ina neman ƙugiya. Me ya sa yake yawan tambayar lafiyar Yaya? Me ya sa duk matan garin nan sai ni, ƙanwar mai gawayi?

Ina isa gida na tarar da babur ɗin Zihindula a ƙofa. Shi ne babban dillalin gawayin yankinmu, ya daɗe yana nemana ina ƙi. Yana zaune kusa da Baba, Mama na gefe tana dakan ganyen rogo, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Malama ta dawo daga wurin angonta," in ji Zihindula yana murmushi. "Ai na gaya miki, ƙanwata. Mai gadin daji ba ya so, farauta yake yi."

Baba ya nuna ni da sanda.

"In na sake ganinki a gindin ginin makarantar nan, ki nemi wani uban!"

"Kwantar da hankalinka, Baba," in ji Zihindula. "Ni zan fito da Bashige, ina da mutane. Makarantar kuwa... katako ne rufinta, ga rani ya yi."

Gabana ya faɗi. Na dubi Mama, ta kau da kai.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Cubaka ya aiko sau da dama, na ƙi fita. Baba ya fara maganar shanun da Zihindula zai kawo na aurena.

Ranar kasuwa da hantsi, sai ga kururuwa daga hanyar kurmi. Mata na gudu, hannu a ka. 'Yan bindiga sun dira a sansanin gawayi, sun tasa ƙeyar duk saurayin da suka samu, su yi musu dako, su riƙe musu bindiga.

Muna tsaye a ƙofar gida, Zihindula na cikinmu yana girgiza kai. Sai Mama ta zube a ƙasa ta fashe da kuka.

"Ni ce! Ni na je wurin Cubaka!"

Baba ya zaro ido. "Ke?"

"Na shiga shagon Zihindula sayen gishiri, na ji shi a ɗakin baya yana lissafa wa wani ɗan aiken 'yan bindiga sunayen 'ya'yanmu. Na ji sunan Bashige da kunnena! Na ce gara ɗana a kulle a hannun hukuma da a kai shi inda ba a dawowa. Na roƙi yaron nan ya kama shi, na sa ya rantse ba zai ambace ni ba. Na gaya wa sauran iyaye a ɓoye, ba wanda ya yarda..."

"Ƙarya take!" Zihindula ya daka tsawa, amma tuni ƙafarsa na kan babur. Matan da aka kwashe wa 'ya'ya suka bi shi da jifa. Ba mu sake ganinsa a garin ba.

Ban san lokacin da na kwasa da gudu ba.

Na iske Cubaka yana ɗaura takalmi, abokan aikinsa na jiransa za su bi sawun yaran.

"Cubaka..."

Bai ɗago ba.

"Ka yafe mini."

"Kin ce in auri goggon biri," ya ce a hankali. "A gaban magina."

"Na faɗa. Tsoro ne ya rufe mini ido, masoyina."

Sai ya ɗago, idonsa jajir.

"Kullum ina jin zargin garin nan, bai taɓa hana ni cin abinci ba. Naki ne ya hana ni." Ya riƙe hannuna. "In na dawo, kina nan?"

"Ina nan. A cikin aji za ka same ni."

Su Cubaka sun dawo da wasu daga cikin yaran. Wasu har yau iyayensu na kallon hanyar kurmi. An sako Yaya Bashige bisa sharaɗin ya yi aiki a ginin, shi ya kafa ƙofar ajina.

Ranar buɗe makaranta Baba ya zo, ya ƙi zama a kan benci. Ya tsaya gaban Cubaka yana dogara sanda.

"Ban yafe wa gandunku gonata ba, kuma ba zan yafe ba," ya ce.

"Na sani, Baba."

"To. Ka turo manyanka ranar Asabar. Kuma ka gaya musu ba na karɓar ramammiyar saniya."