Tayil Mai Kaushi

Sandar ce ta fara zamewa, sannan Auta ta bi ta.

Tim! A tsakiyar falon gidan da za ta tare ta faɗi, a kan sabon tayil fari fat mai sheƙi, wanda aka gama gogewa da ruwa ɗazu.

"Ayya, sannu!" in ji yayar angonta Dogo, ba ta ko motsa ba. "Tun ba a tare ba gida ya fara ƙin baƙuwa..."

Yayar ce ta zaɓi tayil ɗin. Ita ce kuma tun farko ta ce ba ta ga abin da ƙaninta ya gani a jikin yarinyar da shan inna ya taɓa wa ƙafa ba. Yau har da ƙanwar mijinta ta taho, wai ta taya su ganin gida, ga ta can tana ƙwas-ƙwas a kan dogon takalmi ko gezau.

Dogo ya rugo ya ɗaga Auta.

"Ba komai, zumata! Kowa ma yana faɗuwa. Ni ma jiya saura ƙiris."

Wannan maganar ta fi faɗuwar yi mata ciwo. Tun haɗuwarsu Dogo bai taɓa ambaton ƙafarta ba. Ko ita ta ɗauko zancen sai ya ce shi bai ga komai ba. A ganinsa so ke nan, da fari ita ma haka ta ɗauka. Ga shi rufe idon ya kai shi ga shimfiɗa mata santsi tun daga ƙofa har banɗaki.

"Da wace ƙafa nake ɗingishi?" ta tambaye shi.

"Haba, rabin raina... ni wallahi ban taɓa lura..."

"Na sani. Shi ya sa na fasa auren."

Ta ɗauki sandarta ta fita tana dafa bango.

A gida Umma ta yi ta faɗa.

"Mijin da bai ga aibunki ba kike gudu? Wasu da fitila suke neman irinsa!"

"Umma, ba aibu ba ne, ƙafa ce. Da ita zan shiga banɗakin nan kullum, wataƙila da ciki, wataƙila da goyo."



Yaya kuwa abin nema ya samu. Kullum sai ta tura ƙanwar mijinta da kwanukan abinci wajen aikin Dogo, abokan aikinsa suka yi ta ƙiba. Auta ta ji labari, ta ce a ci lafiya, amma ta yi kuka.

Ran nan wanta ya ce ta raka shi sayen kayan gini. Suna shiga wani shagon tayil, mai shagon ya tare ta kamar ya ga ceto.

"Malama, ki taimaka ki kwashe mutumin nan! Tun safe yake jiƙa min shago."

Dogo ne, ba takalmi, ya naɗe wando har gwiwa. Ya jera tayil kala-kala a ƙasa, ga bokitin ruwan sabulu a gefe. Auta ta juya za ta nemi wanta, ashe tuni ya sulale.

"Ta hagu ce," in ji Dogo.

Ta tsaya.

"Sandar kan riga ki sauka, sannan ki jawo ta hagun. In kin gaji kina cije leɓe. Ashe duk ina gani, zumata. Tsoron faɗa nake, kada ki ce na raina ki."

Auta ta cire takalminta.

Na farko ta ɗora sanda, robar ƙasanta ta ja da baya. Na biyu ya yi kaushi da yawa, ta ce wannan sai ya cinye mata tsumman goge-goge. Na uku ruwan ƙasa ne, ba sheƙi, mai ɗan gurza-gurza a tafin ƙafa. Mai shago ya ce na banɗaki gara a sa ƙanana, yawan layin tsakaninsu yana riƙe ƙafa.

Wayar Dogo ta yi ƙara, muryar Yaya har waje.

"Wai fasa tayil ɗin za ka yi? Ka mayar da gida kamar banɗakin asibiti?"

"Ki yi haƙuri, Yaya, ba ke za ki taka ba."

Ya kashe. Ya jera na ukun a layi, ya kwara musu ruwan sabulu, ya miƙo mata hannu.

"Matsa," ta ce. "Ba kullum kake gida ba."

Ya matsa. Ta ɗora sanda, ta jawo ta hagun, ta sake. Ta kai ƙarshe ta juyo ba ta zame ba. Shi kuwa ya tsugunna, idonsa ƙyam a kan ƙafar, bai kawar ba ko sau ɗaya.

Auta ta saki bakin zanenta ya rufe ƙafar.

"Kallon ya isa haka, Malam. Ka bar sauran sai an ɗaura."